Koyon Hutu: Darasi Daga Garin Jos

A kwaleji irin tamu ana koya wa ɗalibi yadda zai kama aiki. Ana nuna masa yadda zai tsaya gaban aji, yadda zai shirya darasi, ya kira rajista, ya duba littattafan yara. Amma duk cikin jadawalinmu babu sa'a ko guda da aka keɓe don koya masa yadda zai ajiye aikin nan in lokaci ya yi. Ana tsammani wai wannan ba ya bukatar koyo, kowa ya iya hutawa kamar yadda kowa ya iya barci. To, ba haka abin ya ke ba. Hutawa sana'a ce, wanda kuwa bai koye ta ba tun yana da sauran ƙarfi, ran da aka miƙa masa takardar sallama sai ya rasa inda zai sa kansa.

Bari mu fara da lissafi, tun da ya ke mu malamai ne. A da, ma'aikacin gwamnati a ƙasar nan ya kan bar aiki in ya cika shekara 60 da haihuwa, ko kuwa shekara 35 a bakin aiki, duk wanda ya riga zuwa. A shekara ta 2022 aka sa hannu kan dokar da ta ƙara wa malaman makaranta wa'adi, ta mai da shi shekara 65 da haihuwa ko shekara 40 a bakin aiki, ko da ya ke ba duk jihohi ne suka kama aiki da ita a lokaci guda ba. A ce ɗayanku ya fita kwalejin nan yana ɗan shekara 25, Allah kuma ya ba shi rai da lafiya har ya cika wa'adi. Mu ƙaddara ana buɗe makaranta kwana 190 a shekara. Kwana 190 sau 40, watau safiya 7,600 ke nan da ƙararrawa za ta yi masa iko. Ita ce za ta ce ya tashi, ita ce za ta ce ya shiga aji, ita ce za ta ba shi izinin cin abinci. Sa'an nan wata safiya ɗaya a wayi gari babu ƙararrawa. Me zai yi da ranar?

Kowa ya zauna da tsofaffin ma'aikata ya san yadda abin ya kan tafi. Watan farko daɗi ne tsantsa, mutum ya yi barci har ya gaji, 'yan barka suna ta shigowa. A wata na biyu sai ya ga har yanzu idonsa na buɗewa a lokacin da ya saba. Ya yi wanka, ya sa riga da hula, ya fito ƙofar gida, sa'an nan ya tuna babu inda a ke jiransa. Masu zuwa gaisuwa su fara raguwa, gama da yawansu kujerar su ke gaisarwa, kujera kuwa ta sami wani. Wanda ya saba da ba da umurni, in ya rasa waɗanda zai umurta, sai ya juya kan mutanen gidansa. Tsohon hedimasta ya zama sufeton ɗakin girki, yana ƙidayar ashana, yana tambayar inda gishirin jiya ya tafi, har uwargida ta riƙa addu'a a ɓoye Allah ya kawo wanda zai ɗauke shi wani aikin. Abin dariya ne a baki, amma ƙarshensa ba dariya ba ne. Zama wuri ɗaya da kaɗaici da tunani su kan buɗe ƙofa ga hawan jini da ciwon sukari, sai ka ga mutumin da ya yi shekara arba'in yana tsaye gaban allo ya rushe cikin shekara biyu.

Don mu fahimci maganin wannan, ba sai mun tafi nesa ba. Garin Jos kansa littafi ne a kan gaggawa da hutu, sai mu buɗe shi.

Gari mai fuska biyu

Jos tana bisa tudu, wajen ƙafa 4,000 sama da bakin teku, watau mita 1,200 da 'yan kai. Don haka iskarta ke da sanyi, cikin hunturu ma har mutum ya ji haƙoransa na kaɗawa da asuba. Amma ba sanyi ne ya kafa garin ba, kuza ce. Tun kafin zuwan Turawa, maƙeran Liruwen Kano da na Liruwen Dalma sun san narka kuza, fatake suna ɗaukarta zuwa kasuwanni. Da Turawan kamfanin Neja suka ga wannan farin ƙarfe a kasuwa sai suka bi sawunsa, har a wajen 1903 suka iso rafin Dilimi suka fara haƙa. Da fari a ka a ke ɗaukar kuzar, 'yan alaro su yi ta tafiya kwana da kwanaki har Loko a bakin Binuwai, inda za a sa ta a jirgin ruwa. A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Jos da Bukuru. A 1927 babban layi daga Fatakwal ya iso. Daga nan mutane suka yi ta kwararowa daga ƙasar Hausa da Barno da Kudu, suka tarad da Birom da Anaguta da Afizare da sauran mutanen tudun, gari ya cika ya batse.

Aikin kuza aikin gaggawa ne. Lebura ya shiga rami da diga da shebur, mata da yara su ɗauki ƙasa a kwano su kai wurin wanki, ana biyan mutum gwargwadon abin da ya fitar. Mafi tsananin lokaci shi ne na yaƙin duniya na biyu. Da Japan ta ƙwace ƙasar Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar mahaƙarta, sai ta juyo kan tudun Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi ta ɗebo mutane da tilas daga lardunan Arewa, dubbai a kan dubbai, ana kawo su aikin kuza. A 1943 abin da aka haƙa ya wuce tan 17,000, ba a taɓa samun kamarsa ba. Amma da yawa cikin waɗanda aka kawo daga ƙasashen zafi ba su da bargo ba su da isasshen abinci, sanyi da cuta suka kashe su, ba su koma gida ba.

To, ga abin lura. A daidai wannan tudun da wasu ke mutuwa don wahala, a nan ne wasu ke zuwa neman hutu. Turawa sun gane tun da wuri cewa iskar Jos magani ce ga wanda zafi da zazzaɓi suka galabaitar. A 1913 aka buɗe filin wasan golf a Rayfield. A 1914 'yan mishan na ƙungiyar SIM suka kafa gidan hutu a Miango, cikin ƙasar Irigwe yamma da Jos, don ma'aikatansu da suka gaji su zo su murmure. A 1938 aka buɗe Hill Station cikin gari, inda ma'aikatan gwamnati Turawa kan zo su yi ɗan hutu tsakanin zango da zango na aiki. Su waɗannan mutane sun sa hutu cikin tsarin aikinsu, sun rubuta shi a doka, sun gina masa ɗaki. Sun san cewa dokin da ba a sauke wa sirdi ba ya daɗewa. Abin da ba su yi ba shi ne su ga cewa leburan da ke cikin rami shi ma jiki gare shi. Wannan ya kamata ɗalibi ya riƙe, gama har yau akwai saura: hutu ya kan zo wa wasu da sauƙi, wasu kuwa sai sun yi kokawa.

Sa'ad da ƙasa ta yi ritaya

Komai tsawon aiki yana da ranar tashi. Kuzar da ke kusa da sama ta yi ta raguwa, ƙasar nan ta mai da hankali ga man fetur, sa'an nan a 1985 farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar London. Manyan injunan da suka yi shekaru suna ruri dare da rana suka yi shiru, suka tsaya suna tsatsa. Aka bar tudun da tarin ƙasa ja da ramuka ɗaruruwa, ruwan sama ya cika su suka zama kududdufai. Wanda ya bi hanyar Rayfield ko Bukuru ko Barikin Ladi ya gan su da idonsa.

Ana iya cewa ƙasar ta yi ritaya. Kuma ta nuna mana hanya biyu da mai ritaya kan bi. Wasu kududdufan an bar su haka nan, babu mai kula, ruwa ya yi zurfi ya yi duhu, su kan ci yara da dabbobi, ba su amfana wa kowa kome. Wasu kuwa masu lambu suka zo bakinsu da 'yar injin ban ruwa, suka yi fangali, suka zuba takin shanu da tokar bola, suka shuka kabeji da karas da latas da koren wake da tumatir. Haka kuma a ke yi a gefen rafin Dilimi, inda aka fara wankin kuza. Wanda ya je kasuwar Farin Gada da sassafe ya ga manyan motoci na lodin kayan lambu zuwa Abuja da Kudu, ya ga abin da tsohon rami ke iya bayarwa. Ramin bai koma aikinsa na da ba, bai kuma zauna banza ba. Ya kama wani aiki mai sanyi wanda ke tafiya da rana da damina, ba da ƙarar inji ba.

Kada a ɗauka duk haƙa ta ƙare. Har yanzu samari na shiga ƙananan ramukan da a ke kira loto suna neman kuza da hannu, rami kuwa kan rufta da su. Talauci ba ya barin mutum ya huta, ba ya barin ƙasa ma. Za mu komo kan wannan.

Bambancin kududdufan nan biyu shi ne bambancin hutu da zaman kashe wando. Mai zaman kashe wando ya bar aiki bai kama kome ba. Mai hutu kuwa ya sauke kayan da aka ɗora masa, ya ɗauki wanda ya zaɓa da kansa, daidai ƙarfinsa, yana yi yana jin daɗi, ba mai tsaye a kansa da agogo.

Wata tsohuwa da tukwane

Akwai wata Baturiya da labarinta ya dace da mu, don ita ma ma'aikaciyar ilmi ce. Sunanta Sylvia Leith-Ross. An haife ta a 1884, ta zo ƙasar nan a 1907 tare da mijinta, shekara ɗaya tak ya rasu a Zungeru. Ba ta rabu da Nijeriya ba. Ta koyi Fillanci har ta rubuta littafin nahawunsa, ta riƙe aikin duba ilmin mata, tana cikin waɗanda suka taimaka aka kafa kwalejin 'yan mata ta Queen's a Ikko, ta yi yawo ƙasar Ibo tana binciken zaman matansu. Rayuwarta duk tafiya ce da rahoto da taro.

Da ta tsufa, ta haura shekara 70, sai ta zauna a Jos cikin shekarun 1960, ta sa kanta wani aiki wanda manyan ma'aikata za su ga ƙarami ne, watau tara tukwane. Tulu da randa da kasko da tukunyar miya, irin waɗanda matan ƙauye ke ginawa da hannu, a saya a kan kuɗi kaɗan, in ta fashe a jefar. Ta bi kasuwanni tana saye, tana tambayar wace ƙabila ce ta gina, da wane irin yumɓu, don wane amfani. Da su aka cika sashen tukwane na gidan tarihin Jos, wanda Bernard Fagg ya buɗe a 1952, a 1970 kuma aka buga littafinta a kan tukwanen Nijeriya. Ta rasu a 1980.

Abin da ya kamata a duba a nan, tukwanen nan suna gabanta tun ran da ta sauka ƙasar nan. Kowace kasuwa ta shiga ta wuce su. Sai da gudu ya ragu sa'an nan ta sami sukunin tsugunawa ta ɗauki guda ta juya ta, ta ga zanen da ke wuyanta. Mai gaggawa ba ya gani, ko da idonsa biyu. Gidan tarihin kansa ma irin haka ya samo asali. Masu haƙar kuza sun sha tono gumakan yumɓu suna farfasa su da diga ba su kula ba. A 1943 wani akawun ma'adinai a wajen Jama'a ya tsinci wani kan mutum na yumɓu, ya kai gonarsa ya kafa don korar tsuntsaye. Da kan nan ya kai hannun Fagg, ya tsaya ya dube shi da kyau, daga nan duniya ta san al'adar Nok, wadda ta haura shekara 2,000. Ku da ke kusa, kunya ce ɗalibi ya gama kwaleji bai taɓa shiga gidan nan ba.

In kuma muka bi hanyar da ta fita Jos ta gabas, za ta kai mu Bauchi, garin wani malami da bai sami abin da tsohuwar nan ta samu ba. Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi karatu a kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, ya koyar a Midil ta Bauchi har ya zama shugabanta, a 1957 ya zama Firayim Minista. Sananne ne cewa in ya sami hutu daga Ikko ba ya neman wani wuri sai gonarsa a Bauchi. Akwai hotunansa yana zaune a ƙasa da 'ya'yansa, ba fadawa ba 'yan rakiya. Aka kashe shi a watan Janairu na 1966, yana da shekara 53, bai kai ga ajiye aiki ba. Da ya ce sai ya yi ritaya zai taka gonar nan, da bai taɓa takawa ba. Ba kowa ne a ke ba shekarun fansho ba, saboda haka wanda ya tara dukan jin daɗinsa ya ajiye sai bayan shekara 65, ya yi ajiya a inda ba shi da tabbacin komawa.

Daɗin da ba a saye

To, waɗanne abubuwa ne mutum zai koya? Ba masu tsada ba ne, shi ya sa a ke raina su.

Na farkonsu a Jos shi ne shan hantsi. Duk wanda ya kwana garin nan cikin watan Disamba ko Janairu ya san darajar ranar safe. Ka fito da tabarma ko buzu, ka jingina da bangon da rana ta fara bugawa, ka ji ɗumi yana ratsa bayanka kaɗan-kaɗan, ga kofin shayi ko kokon kunu a hannu, ga jika yana wasa da ƙasa a gefenka. Malami ya yi shekara arba'in yana ba ranar nan baya, yana sauri kada a buga ƙararrawa bai iso ba. Sarki da talaka daidai su ke a wurin hantsi, ba a kuwa taɓa jin an ƙara masa kuɗi ba. Amma a gwada a gani, mutumin da ya saba da gudu ba ya iya zama minti goma a rana ba tare da ya duba agogo ko ya ciro waya ba. Zama ma sai da koyo.

Sai tafiya da ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba, har da tsoho, yana bukatar motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, watau rabin sa'a sau biyar. Tafiya a hankali da ɗan ƙarfi ta isa. Jos kuwa an yi ta ne don mai tafiya: ga duwatsun Shere a gabas, ga bakin dam na Lamingo, ga gandun namun daji da aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk. Ba lalle ne a hau dutse ba. A bar mota a gida a taka zuwa masallaci ko majami'a ko kasuwa, a tsaya a gai da mutane a hanya. Bahaushe ya ce zumunci a ƙafa ya ke, ashe lafiya ma a nan ta ke.

Lambu ya fi su duka, a ganina, don shi kaɗai ya haɗa motsa jiki da abinci da dalilin tashi da safe. Ba sai gona mai faɗi ba. Fangali huɗu a bayan gida, da 'yan kaji, da itacen gwaiba ko lemo, sun isa su ba tsoho abin da zai duba kowace safiya. Ƙasar tudun nan tana karɓar abin da ba ya yi sosai a Kano ko Sakkwato, kamar dankalin Turawa, ga kuma acca da a ke gwate da ita. Malami ma ya fi kowa dacewa da lambu, don aikin iri ɗaya ne: a shuka, a yi ban ruwa, a cire ciyawa, a jira. Bambancin kawai, kabeji ba ya surutu a aji, iyayensa kuma ba sa zuwa ƙara. Amma fa mutumin da bai taɓa riƙe fartanya ba sai yana ɗan shekara 65, bayansa ba zai yarda ba. Gonar makaranta da ɗalibai ke gudu yanzu, ita ce makarantar hutun tsufansu.

Akwai majalisa, inda tsofaffi ke zama bayan la'asar a ƙofar wani gida a Gangare ko Unguwar Rogo ko Tudun Wada, a ji labarin rediyo a tattauna, a buga dara, a yi wa juna ba'a. Wanda duk abokansa na ofis ne, ran da ya bar ofis ya bar abokai. Wanda kuwa tun yana aiki ya saba zama da tela da mahauci da direba na unguwarsu, ya tarad da wurinsa a tabarma yana jiransa. Akwai karatu, na addini da na zamani, littattafan da aka yi ta cewa sai an sami lokaci. Akwai sauraron kiɗa. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda aka haifa a Bukuru a 1946 ya rasu a 2015, da kuntigi ya zaga duniya, kuntigi kuwa gwangwani ne da 'yar fata da tsirkiya guda. Yawancin waƙoƙinsa a kan talakawa masu wahala ne, irin su karen mota. Mai sauri tsirkiya ɗaya ya ke ji. Wanda ya natsu shi ke jin abin da a ke faɗa.

Abin da ke hana hutu

Zai zama rashin gaskiya a gama darasin nan ba a faɗi abin da kowa ya sani ba. Mai jin yunwa ba ya jin daɗin hantsi. Mun sha ganin tsofaffin malamai a jihohi dabam-dabam suna layi da takardu a hannu, wata da watanni ana ce musu su dawo gobe, wasu har su rasu ba su karɓi kuɗin sallamarsu ba. Irin wannan tsoho shi ne ramin loto na mutane: an gama haƙarsa, amma tilas ya ci gaba da fafutuka. Fansho ba sadaka ba ce, albashin mutum ne da aka jinkirta. Tun 1889 ƙasar Jamus ta kafa dokar biyan tsofaffin ma'aikata, sauran ƙasashe suka bi. A nan, dokar 2004 ta kawo tsarin da a ke yankar wani abu daga albashi kowane wata a ajiye wa mutum da sunansa, dokar 2014 kuma ta sa ma'aikaci ya ba da kashi 8 cikin 100, wanda ya ɗauke shi aiki ya ba da kashi 10. Jihohi kowace da tata doka. Saboda haka ran da aka ba ka takardar kama aiki, a ranar za ka tambayi wane tsari ka ke ciki. Ka buɗe fayil a gida, ka adana takardar ɗauka da ta tabbatarwa da ta kowane ƙarin girma, gama su za a tambaye ka bayan shekara arba'in, lokacin da na ofis watakila gara ta cinye. Ka yi ƙoƙari kuma ka mallaki ko ɗaki biyu ne naka tun kana aiki, ka tsare kanka daga bashi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu na biyu zaman lafiya ne. Kirarin jihar nan shi ne gidan zaman lafiya da yawon buɗe ido, don haka ne ma tsofaffin sojoji da ma'aikata daga ko'ina su ke gina gidajen ritayarsu a Jos. Amma rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 sun raba unguwanni, babbar kasuwar Terminus ta ƙone a 2002, mutanen da suka yi shekaru suna shan shayi a tebur ɗaya suka koma kowa ɓangarensa. Tsoho ya fi kowa hasara a nan, don shi ne ba ya iya gudu, shi ne kuma ke da aboki a ƙetaren gada wanda ya daina ziyarta. Malamin da ke da yaran Musulmi da na Kirista a aji ɗaya, in ya koya musu zama da juna, titin da zai yi yawo a kansa da sanda ya ke sharewa.

Aikin hutu

A hutun nan mai zuwa, kowane ɗalibi ya nemi tsoho ko tsohuwa guda a garinsu wanda ya bar aiki aƙalla shekara biyar, malami ne ko ɗan sanda ko ma'aikacin jirgin ƙasa ko tsohon leburan kuza. Ka je da goro ko ɗan abin gaisuwa, ka durƙusa ka gaishe shi yadda ya kamata, kada ka fito da takarda da alƙalami tun daga ƙofa. Ka tambaye shi yadda ya ke cin ranarsa daga asuba zuwa kwanciya, da abin da ya fi ba shi wuya a shekarar farko, da ko wata nawa ya jira kafin kuɗinsa su fito, da abin da ya ke yi yanzu wanda ya so a ce ya fara tun yana saurayi. In ya ja labari ya kauce hanya, ka ƙyale shi, kada ka duba agogo. In ka koma gida ka rubuta abin da ka ji cikin Hausa mai kyau, shafi biyu, ba tare da sunansa ba sai in ya yarda, ka kawo wa editan shafin nan a makon farko na komowa.